Ba Duk Gashin da Ya Zube Ne Ya Tafi Ba

Mace ta tsefe kitson da ya yi mako shida a kanta, ta sa mataji, sai ga gashi ya cika mata tafin hannu. Gabanta ya faɗi. Kafin yamma ta gama yanke hukunci: ko dai sabon man da ta koma shafawa ne, ko sabulun wanke kai, ko kuma wata cuta ce ta shige ta ba ta sani ba. Mai yiwuwa kuwa ko ɗaya babu. A yi mata lissafi a gani. Fatar kan mutum na ɗauke da saiwoyin gashi kimanin 100,000, kuma mai cikakkiyar lafiya yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana ta Allah. Wanda ke taje kansa kullum ba ya ankara, don ɗai-ɗai suke tafiya, wasu a matashin kai, wasu a wurin wanka. Shi kuwa silin da ke cikin kitso, ko ya rabu da saiwarsa ba shi da hanyar faɗuwa, 'yan'uwansa sun riƙe shi. Mako shida kwana 42 ke nan. In aka tara, abin da za ta gani ranar tsifa zai kama daga sili 2,100 zuwa 4,200. Bashin kwanaki ne aka biya ta a zama ɗaya.

Na fara da wannan ne don a san cewa yawan abin da ya maƙale a mataji ba shi ne ma'auni ba. Akwai wanda gashinsa ke zuba damƙi-damƙi, amma kafin shekara ta zagayo ya dawo kamar ba a yi ba. Akwai kuma wanda matajinsa fes yake, bai taɓa ganin abin tashin hankali ba, alhali sumarsa na ƙarewa sannu a hankali. Na biyun ya fi na farko shiga hatsari, kuma shi ne ba ya neman taimako sai abu ya yi nisa.

Rikicin daga suna ya faro. "Gashina na zuba" magana ɗaya ce, amma abin da ke ƙarƙashinta ba ɗaya ba ne. Wani saiwoyinsa ne suka tafi hutu, za su tashi. Wani nasa ƙanƙancewa suke yi shekara bayan shekara. Wani saiwar lafiyarta ƙalau, silin ne ke karyewa a hanya. Wani kuma saiwar ce ke mutuwa, tabo na maye gurbinta. A madubi duk suna iya yin kama, sai dai kama da wane ba ta wane. Ɗaya haƙuri kawai yake bukata, ɗaya kuwa haƙurin ne zai ƙarasa shi.

Don a gane bambancin, sai an san yadda saiwar gashi ke rayuwa. Kowace tana da nata agogon. Takan shafe shekara biyu zuwa shida tana turo sili, kusan santimita ɗaya a wata. Daga nan sai ta tsayar da aiki, ta tsuke cikin mako biyu zuwa uku, sannan ta kwanta hutun da kan kai wajen wata uku. Duk tsawon hutun nan silin na nan zaune a raminsa, amma ya daina tsawo, jiran ranar fita kawai yake. In hutun ya ƙare sabon sili ya taso daga ƙasa, tsohon ya faɗi. A kowane lokaci, kusan tara cikin goma na saiwoyin kai suna zangon tsiro, ɗaya cikin goma na hutawa. Rahamar da ke cikin lamarin ita ce ba tare suke kwanciya ba. Da agogonsu ɗaya ne, da mun riƙa zubar da suma a lokaci guda kamar yadda wasu dabbobi ke yi in yanayi ya juya.

To, akwai lokacin da hakan kan so ya faru. Gashi ba ya cikin abin da rai ya dogara da shi, ga shi kuma saiwarsa na cikin sassan jiki mafi saurin aiki da cin kuzari. Idan jiki ya shiga matsi, kamar zazzaɓi mai zafi, ko tiyata, ko haihuwa, ko zubar da jini mai yawa, ko rama ta farat ɗaya, ko tashin hankali irin na rasuwar makusanci, sai ya rage kashe ƙarfinsa a inda ba dole ba. Saiwoyi masu yawa su tafi hutu tare. Amma silinsu ba a ranar yake faɗuwa ba, sai hutun ya cika. Wato sai bayan wata biyu zuwa uku ruwan gashin zai sauko. Wani likitan fata Ba'amurke, Albert Kligman, shi ya fayyace wannan yanayi a 1961.

Wannan jinkirin shi ne babban abin da ke ɓatar da mutane, kuma a ganina shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Mutum ya yi jinya ya warke, ya koma harkokinsa, har ya manta ya kwanta. Ranar da gashi ya fara zuba, sai ya waiwayi abin da ya sauya a makon jiya: sabon mai, sabon sabulu, ruwan wurin da ya koma. An bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta dace ita ce, me ya same ni wata uku baya? Duniya ta ga wannan ƙarara a 2020 da 2021, lokacin da ɗimbin waɗanda suka warke daga cutar korona suka riƙa zuwa wurin likitocin fata da kukan zubewar gashi, watanni bayan tarin da zazzaɓin sun wuce.

Ta masu jego ma daga nan take. A lokacin goyon ciki sinadarin mata da ake kira isturojin kan yi yawa a jiki, ya hana saiwoyi tafiya hutu a kan lokacinsu, shi ya sa mace da yawa kan ga gashinta ya cika ya yi kyau tana da ciki. Tana haihuwa sinadarin ya sauka, duk waɗanda aka riƙe su kwanta tare. Zubar kan yi tsanani wajen wata na huɗu bayan haihuwa, musamman a gefen goshi, kuma yawancin mata kan ga kansu ya daidaita kafin yaron ya cika shekara. Ba nonon da take shayarwa ne ke shanye mata gashi ba, kamar yadda ake yawan zato.

Irin wannan zuba tana da alamunta. Daga ko'ina a kai take fitowa, ba fili ɗaya ba. Fatar kai lafiya lau, babu kumburi babu ciwo. Komai yawanta ba ta kai mutum ga ƙwal-kwabo. In ka ɗauki silin ka duba gindinsa, za ka ga ɗan farin ƙullutu kamar kan allura. Mutane kan firgita da shi, su ce gashin da saiwarsa ya fito. A'a. Saiwa na can cikin fata, ba ta fita da taza. Ƙullutun nan busasshen gindin silin da ya gama zamaninsa ne, kuma sau da yawa sabon da ke tasowa ne ya turo shi. Galibi cikin wata shida zubar kan lafa da kanta, ko an sha magani ko ba a sha ba.

In ta wuce wata shida ba ta tsaya ba, to ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ke ci gaba da tura saiwoyin hutu. Wanda aka fi kamawa a wurin mata shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, musamman ga mai zubar da jini da yawa a lokacin al'ada ko mai haihuwa kusa da kusa. A nan akwai wata 'yar dabara: ana iya auna jini a ce ya isa, alhali rumbun ajiyar ƙarfen ya kusa ƙarewa. Gwajin feritin ne ke leƙa rumbun. Masana na da saɓani kan adadin da gashi ke bukata, amma ba su yi saɓani ba kan cewa wanda nasa ya yi ƙasa sosai a cike masa. Sai dai kada wani ya ji haka ya hau shan ƙwayar ƙarin jini ba gwaji, domin jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe cikin sauƙi, taruwa yake yi ya taɓa hanta.

Na biyu shi ne ƙullin tayirod da ke gaban wuya, wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Ko aikinsa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, duka biyun na zubar da gashi. In ya yi sanyi, mutum kan ji kasala da jin sanyi da ƙiba ba dalili, wani har wutsiyar girarsa ta sirance. In ya yi zafi, sai faɗuwar gaba da rama da yawan gumi. Sai kuma masu horar da kansu da yunwa don su rage ƙiba cikin gaggawa. Silin gashi kusan gaba ɗayansa furotin ne, in babu kayan gini magini zama yake yi. Magunguna ma na da nasu kason: wasu na tsinka jini kamar wafarin da hefarin, wasu na farfaɗiya, litiyom da ake ba masu lalurar ƙwaƙwalwa, wasu na hawan jini, da kuma fara shan ƙwayar tazarar haihuwa ko dainawa. Wanda ya zargi maganinsa ya koma wurin wanda ya rubuta masa, kada ya ajiye da kansa, don gashi na dawowa, shanyewar ɓarin jiki kuwa ba lallai ba. Maganin ciwon daji na kemo daban yake: saiwoyin da ke tsaka da aiki yake bugu, shi ya sa cikin mako biyu zuwa uku gashi ke zuba, ba ya jiran wata uku.

Yanzu sai mai shiru-shiru, wato sanƙo na gado. Shi ba ya zuwa da hayaniya. Abin da ke faruwa shi ne, wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga sinadarin maza testosteron, ana ce masa DHT, yana taɓa saiwoyin da gado ya sa suke jin sa. Duk zagaye ɗaya sai zangon tsirarsu ya gajarce, silin da suke fitarwa ya ƙara sirancewa, ya rage tsawo, ya rage baƙi, har ya koma kamar gashin jikin jariri. Mutum bai ga ya zubar da komai ba, amma fatar kansa ta fara leƙowa. Tun 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga ba sa yin sanƙo, in kuma aka yi musu allurar testosteron, masu gadonsa sai ya fara fito musu. Wannan ya tabbatar da cewa abu biyu ne ke haɗuwa, gado da sinadari. Ba wai mai sanƙo ya fi sauran maza yawan sinadarin ba ne, saiwoyinsa ne suka fi jin sa. Gadon kuma ta ɓangaren uwa da na uba duk yana zuwa. A binciken da aka yi kan Turawa, kusan rabin maza na da shi kafin su wuce shekara 50.

A namiji yakan fara ne daga kusurwoyin goshi da maɗiga, ya bar ƙeya da gefen kunnuwa. Saiwoyin ƙeya ba su damu da DHT ba, kuma ko an ɗauke su an kai gaba ba sa sauya hali. A kan wannan ne aka gina aikin dashen gashi, bayan bayanin da Norman Orentreich ya wallafa a 1959. A mace kuwa salon daban ne, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Layin goshinta na nan, amma tsagar tsakiyar kai na ƙara faɗi, damin gashin da take ɗaurewa na ƙara ƙanƙanta. Ya fi bayyana bayan ɗaukewar al'ada. In kuma budurwa ce ko matashiya, ga rikicewar al'ada, ga ƙuraje a fuska, ga gashi na fito mata a haɓa, to a duba ƙwayayen mahaifarta, maganar ta wuce ta kai kawai.

Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne sau da yawa biyun kan haɗu. Mace na da siranta ta gado da ba ta lura da ita ba, sai haihuwa ko jinya ta zo ta kwashe na sama. Zubar ta tsaya, amma kai bai koma yadda ta san shi ba. Sai ta ce haihuwa ce ta cinye mata gashi, alhali haihuwar asiri kawai ta tona.

Magungunan sanƙo da aka tabbatar da aikinsu ba su da yawa. Minoksidil asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shan sa gashi na fito musu, aka mayar da shi na shafawa, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Finasterid kuma ƙwaya ce da ke rage sarrafa DHT, an amince da ita don sanƙon maza a 1997. Tana iya rage wa wasu ƙalilan sha'awa, kuma mai ciki ba ta sha, ko fasasshiyar ƙwayar ba a so ta taɓa, saboda illarta ga ɗa namiji da ke cikin. Gaskiyar da ba a cika faɗa wa masu saye ba ita ce, waɗannan sun fi iya riƙe abin da ya rage a kan dawo da wanda ya tafi. Sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a ga sauyi. A makonnin farko na minoksidil zuba kan ƙaru ma, domin yana tashin saiwoyin da ke barci su turo tsohon sili, kuma a nan ne da yawa ke jefar da kwalbar. Ranar da aka daina kuma, cikin 'yan watanni a koma gidan jiya. Hula dai ba ta kawo sanƙo, aski kuma ba ya ƙara wa gashi kauri. Wannan na biyun tun 1928 wata masaniya, Mildred Trotter, ta gwada ta nuna haka.

Sai karyewa, wadda ita ba zuba ba ce sam, ko da yake a ƙasa suke haɗuwa. Gane ta ba wuya. Shimfiɗa farin ƙyalle ka taje kai a kansa. In dogayen silla ne masu ƙullutu a gindi, zuba ce. In guntaye ne, tsawonsu ba ɗaya ba, babu ƙullutu, karyewa ce. Gashi mai murɗe-murɗe ya fi saurin karyewa, don kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni, kuma maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarawa har ƙarshensa da sauƙi. In aka ƙara masa man miƙar da gashi, da rini, da zafin ƙarfe, da taza yana bushe, sai ya riƙa ɓallewa daga baki daidai gwargwadon yadda yake tsirowa daga gindi. Mai shi ta ce gashinta ba ya tsawo. Yana yi, ba ya tsira ne. A nan kam mai da laushin hannu da rage wuta suna da amfani na gaske, kuma kusan nan kaɗai ne.

Yanzu mun zo inda jinkiri ke da tsada. Duk wanda aka ambata a baya, saiwa na da rai. Akwai waɗanda ke kashe ta.

Mafi yaɗuwa shi ne na ja. Kitso mai tsauri, ƙarin gashi mai nauyi, ɗaurin da ke ɗaga gira, gam ɗin da ake manna gashin kanti da shi. Ba cutar wata al'umma ba ce: tun 1907 aka fara rubuta labarinta a kan matan tsibirin Girinland masu ɗaure gashi tamau, ana kuma ganinta a wurin 'yan rawa da 'yan wasan da ke tamke gashinsu baya kullum. Jiki na yin gargaɗi tun da wuri: zafi bayan kitso, ciwon kai, ƙananan ƙuraje a bakin goshi, kasa kwanciya a daren farko. Mun saba ɗaukar waɗannan a matsayin alamar kitso ya kamu. Ni ina ganin duk kitson da sai an sha maganin ciwon kai bayansa, to ba ado aka yi ba, rauni aka ji. Gashin gefen goshi da saman kunne ne ke fara tafiya, sau da yawa ya bar wani ɗan siririn layi a gaba kamar geza, fili a bayansa. In an sassauta da wuri yana dawowa. In aka shekara da shekaru ana ja, saiwar ta mutu. Haɗa man miƙarwa da kitso mai tsauri ya fi kowanne shi kaɗai ɓarna. Kan yara ƙanana ya fi bukatar a tausaya masa, don su ba su da bakin cewa ya isa.

Akwai kuma wata cuta da ke farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa kamar zobe, wadda aka fi gani a mata baƙar fata masu matsakaitan shekaru. A 1968 an ɗora laifinta kan mataji mai zafi, har aka sa mata sunansa. Daga baya aka riƙa ganinta a kan matan da ba su taɓa amfani da shi ba, kuma a 2019 bincike ya gano cewa wasu masu ita na ɗauke da sauyi a wata ƙwayar gado mai suna PADI3. Wato salon gyara na iya tsananta ta, amma ba shi kaɗai ba ne. Tana yaudara sosai, domin da farko kamar sirantar gado take. Abin da ke tona ta shi ne ƙaiƙayi, ko zafi-zafi, ko jin ciwo in an taɓa maɗiga, wani lokaci kuma shiru babu komai. Wata 'yar'uwarta na cin layin goshi da gira, galibi bayan ɗaukewar al'ada. A irin waɗannan, abin da likita ke nema shi ne ya kashe wutar kumburin kafin ta ci gaba, don inda ta riga ta cinye ba ya tsiro. Alamar da kowa zai iya dubawa ita ce ƙofofin gashi. In filin da gashi ya bari har yanzu ana ganin 'yan ɗigo-ɗigon ramuka, akwai sauran sa rai. In ya yi sumul yana sheƙi kamar tafin hannu, tabo ne. Wanda ya ga haka, ko ya ji zafi, ko ya ga ruwa ko mugunya, ba shi da wata shida na gwada man kanti.

Masu fitowa fili-fili ba sai an daɗe a kansu ba, amma a rarrabe su. In da'ira ce sumul kamar an ɗora kwabo an zagaye, babu ƙaiƙayi babu ɓawo, ta bayyana cikin kwanaki a kai ko a gemu, to garkuwar jiki ce ta juyo kan saiwoyin gashi. Kusan mutum biyu cikin ɗari kan gamu da ita a rayuwa. Ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, ba ta kashe saiwa, kuma ƙananan filaye da yawa kan cike da kansu cikin shekara, wani lokaci da farin gashi tukuna. Ga masu tsanani, a 2022 aka amince a Amurka da ƙwayar barisitinib. In kuwa yaro ne, filin na da ɓawo da ƙaiƙayi da guntayen gashi kamar baƙaƙen ɗigo, har kaluluwa ta fito a bayan wuya, makero ne. Yana bin mataji da almakashi da injin aski. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, don ƙwayar cutar ta shige cikin silin, sai an sha magani na makonni. In filin ba shi da tsari, gashin cikinsa dogo da gajere, a lura ko mai shi ne ke tsige shi ba da saninsa ba, yana karatu ko yana tunani. Wannan lalura ce, duka da faɗa ba sa warkar da ita. Tunjere ma a zangonsa na biyu kan bar kai kamar asu ya ci. Amosani shi kaɗai ba ya kawo sanƙo, sai dai susar da yake jawowa na karya gashi.

Duk wannan ya nuna cewa rabin binciken a gida ake yin sa, kafin a je gaban likita. Yaushe abin ya fara, farat ɗaya ko a hankali? Me ya faru wata uku kafin nan? Daga ina gashin ke tafiya, ko'ina ne, ko goshi, ko maɗiga, ko fili guda? Dogo ne mai ƙullutu ko guntu? Fatar na ciwo? Wa ke da irinsa a dangi? Wane magani ake sha, har da na ƙarin kuzari da ba a ɗauka magani ba? Hoto ma ya fi ido gaskiya, don mai kallon madubi kullum ba ya ganin abin da ke tafiya a hankali. A ɗauki hoton tsaga da goshi da maɗiga sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya. Likitan fata kuma zai kama 'yan silla wajen 50 ya ja a hankali ya ga nawa suka biyo, ya duba fatar da gilashin ƙara girma don ya ga ko kaurin sillan ya bambanta, ya sa a auna jini, in ya zargi tabo ya yanki ɗan ƙanƙanin fata a kai ɗakin gwaji.

Kasuwar maganin gashi kuwa, kan jinkirin nan na wata uku take cin abinci. Mutum kan sayi mai ne lokacin da zuba ta kai ƙololuwa, wato daf da lokacin da za ta lafa da kanta. Ta lafa, man ya sha yabo, a faɗa wa ƙawaye. Mai sanƙon gado ya saya ya shafa shekara guda bai ga komai ba, sai a ce masa jabu ya samu. Ƙwayar bitamin ɗin nan biyotin da ta cika tallace-tallace na taimakon wanda ke da ƙarancinta ne, masu ƙarancinta kuwa ƙalilan ne. Ga ta da wani sharri: shan ta da yawa na rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na tayirod da na gano bugun zuciya, abin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. Ka ga mutum na shan abin da zai ɓoye ainihin dalilin da ake nema. Yawan bitamin A da sinadarin seleniyom kuwa, su da kansu zubar da gashi suke yi.

Ko an gano dalili an gyara, gashi ba ya sauri. Santimita ɗaya ce a wata, wato bayan wata shida sabon bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma mai dogon gashi kan yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin daminta ya koma yadda yake. A tsakanin nan za ta ga wasu gajerun silla sun miƙe a bakin goshi da gefen tsaga, sun ƙi kwanciya ko an shafa musu me. Da yawa kan ɗauka karyewa ce ta sake dawowa. A kama ɗaya a duba bakinsa a haske: wanda ya karye bakinsa a gutsure yake ko a tsage, sabon tsiro kuwa siriri ne mai tsini kamar bakin allura, don almakashi bai taɓa hawa kansa ba.